Igiyar Shanya a Bilbis

Akuyarmu ce ta fara gaya mini,
ba likita ba, ba rediyo ba.
Kwana uku ta ƙi dusa,
ta kwanta gindin dogon yaro,
ciki kamar ganga, sauran jiki ƙashi da fata.
Illo mahauci ya zo da wuƙa kafin ta zama mushe.
Abin da ya ciro daga tumbinta na gane shi:
baƙar leda, guntun igiya,
da wani farin abu mai fiffike biyu
irin wanda nake ƙunshewa in kai juji bayan isha.
Ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.
Bai dube ni ba. Na gode masa a zuci.

Daren nan na yi lissafi da yatsu.
Dala ɗari tawa, dala ɗari ta Tsahara,
kuma wata ba ya jiran albashi,
ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.
In ya tsaya, ya tsaya.
Ina duk waɗanda muka zubar suka tafi?
Wuta ta ci rabi, ta bar mana tari.
Damina ta kwashi saura
ta gangara da su tabkin Babaye,
inda masu lambu ke ɗibar ruwan salati.

Ran Lahadi na shiga kasuwar Tawa,
na wuce masu albasa, na wuce masu cuku,
har rumfar Hasiya tela.
Ta jawo kwando daga ƙarƙashin keke.
Ta ce, taɓa ki ji. Auduga ninki uku,
a baya ƙyallen da ba ya yoyo,
ga maɓalli, ƙas, ya kama.
Shida jika biyu, in kin kula su kai ki baɗi, su wuce.
Ta nuna mini wani ɗan kofin roba kuma.
Na juya shi, na sake juyawa,
na mayar mata. Na ce ba bana ba.
Ta yi dariya ta ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Gwamma ta ɗaga ɗaya zuwa haske,
ta daɗe tana duba ɗinkin.
Af, tsumma ne ya yi karatu!
Namu kuka raina, kuka ce ƙauyanci.
Sai ta yi shiru, sai ta rage murya:
amma mu ƙarƙashin gado muke shanya,
cikin duhu, don kada ido ya gani.
Bai taɓa bushewa ba, ƴar nan.
Shekara talatin ina sosa kunyata.

Ba zan ce ba wuya.
Ran da pampo ya ɗauke a bazara
sai na auna ruwan da kwanon sha.
Mai sanyi tukuna, na zafi kama jini yake,
sannan sabulu, sannan cuɗa, sannan ɗauraya,
har ruwan ya daina magana.
Sauran aikin na rana ne,
kuma ranar garin nan ba ta taɓa yi mana rowa ba.

Shanyar farko na lulluɓe su da mayafi.
Ta biyu iska ta yaye, na bar ta.
Ƙaramin ƙanenmu ya tsaya yana kallo:
rigar ƴar tsana ce?
Tsahara na cusa biyu a jakar lakwal,
ko waiwaye ba ta yi ba.
Ta ce, kayan wanki ne, matsa in wuce.

Yanzu ga su can, shuɗi, ruwan goro, mai zanen ganye,
tsakanin zanen Gwamma da wandon Baba.
Ƴar akuyar da aka bar mana marainiya
ta miƙe kan ƙafa biyu tana kai baki.
Na ƙara wa igiyar tsawon hannu ɗaya.
Je ki ci harawa.